2.4 Mata da Sana'ar Ɗab'i: Daga Paris zuwa Tudun Wada

Kafin a dubi matsayin mata a harkar ɗab'i a Zariya, ya kamata a waiwayi yadda abin ya faro a Turai. A ƙarni na 16 maɗaba'a sana'ar gida ce. Injin yana ƙasa, iyali suna sama, matar gida kuwa ita ke riƙe lissafi, da ciyar da yaran shago, da sayar da littattafai. Idan maigida ya rasu, al'adar masu sana'ar ta yarda matarsa ta ci gaba da aiki. Ta haka ne Yolande Bonhomme ta riƙe maɗaba'ar mijinta Thielman Kerver a birnin Paris daga 1522 zuwa 1557. Haka kuma Charlotte Guillard ta gudanar da tata daga 1537 zuwa 1557, tana buga manyan littattafan addini da na shari'a. Sai dai sau da yawa sunan mamacin ko na magadansa ake sa wa a bangon littafi, shi ya sa aikin mata da dama ya ɓace wa masu tarihi.

A Zariya kuwa ba ta hanyar gado ɗab'i ya shigo ba, hukuma ce ta kawo shi. An fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a yankin Tudun Wada a 1945, sannan Kamfanin NNPC a 1966. Tun da ma'aikata ce ta albashi, babu injin da mace za ta gada daga mijinta.

Saboda haka ta ƙofar rubutu matan Hausawa suka shigo. A 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Da manyan kamfanoni suka ja baya sakamakon taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu. Misali, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990 da sunan kamfaninta, Ramat General Enterprises.

Bambancin a nan shi ne, matan Paris sun mallaki inji amma sunan miji ya rufe da yawansu, matan Hausa kuwa hayar inji suka yi, sunansu ya fito a bango. Sashe na gaba zai dubi yadda waɗannan littattafai suka isa kasuwa.