JARIDU DA ZAƁE: KAFIN KA GASKATA LABARI, SAN MAI JARIDAR

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk sa'ad da zaɓe ya gabato, 'yan'uwanmu mazauna Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabon Badun da Shagamu da Anacha, sukan shiga wani hali na ruɗani. Jaridar da ake sayarwa a bakin tasha ta ce wane ya riga ya lashe, wadda direba ya zo da ita daga gida kuma ta ce ai wanen nan ko rumfarsa ba zai kawo ba. To, wannan abu ya daɗe, kuma wanda ya san yadda aka yi a zaɓen 1979 da na 1983 ba zai yi mamaki ba.

Tun asali manyan jaridun ƙasar nan 'yan siyasa ne suka haife su. Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Ikko cikin 1937, Cif Obafemi Awolowo kuma ya kafa Nigerian Tribune a Badun cikin 1949. A Arewa, jaridar Nigerian Citizen ta Zariya ta karkata wajen Jam'iyyar NPC, ita kuwa NEPU sai ta sami wurin faɗin albarkacin bakinta a shafin Hausa na Daily Comet, watau jaridar Azikiwe da ake bugawa a Kano. Ashe ke nan tun kafin mulkin kai kowace jarida da inda take kallo.

Da sojoji suka shirya mayar da mulki cikin 1979, jam'iyyu biyar aka yi wa rajista: NPN ta tsayar da Alhaji Shehu Shagari, UPN Cif Awolowo, NPP Dokta Azikiwe, GNPP Alhaji Waziri Ibrahim, PRP kuwa Malam Aminu Kano. Tribune ba ta ɓoye ba, ta Awolowo ce gaba da baya, kuma Daily Sketch ta Badun ta bi sahunta. Daily Times da New Nigerian kuwa suna hannun Gwamnatin Tarayya, domin cikin 1975 gwamnati ta karɓi kashi 60 cikin 100 na Daily Times, ta kuma karɓe New Nigerian ɗungurungum. 'Yan adawa sun yi ta kukan cewa New Nigerian ta Kaduna ta fi jin maganar NPN.

Inda abin ya fito fili sosai shi ne bayan zaɓen Shugaban Ƙasa na ran 11 ga Agusta, 1979. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne a lokacin. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba, Hukumar Zaɓe ta FEDECO ta yarda, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar ran 26 ga Satumba. Lissafi ɗaya, hukunci ɗaya, amma jaridun da ke bayan UPN suka kira shi fashi, waɗanda ke bayan NPN suka kira shi adalci. Mai karanta guda ɗaya tak bai taɓa jin hujjar ɗaya ɓangaren ba.

Bayan an rantsar da gwamnati sai kowa ya shiga neman bakin magana nasa. Cikin 1980 Cif M.K.O. Abiola, wanda jigo ne a NPN, ya kafa National Concord, ta shiga sa-in-sa da Tribune, har ta yi ta tono zancen filayen Awolowo a Maroko. Kamfanin ya fito da Amana da Hausa domin irinmu. A shekarar nan kuma Gwamna Abubakar Rimi ya kafa kamfanin Triumph a Kano, mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, Gwamna Lateef Jakande kuma ya buɗe wa Jihar Ikko gidan talbijin nata. Abin lura a nan shi ne, da Abiola ya ɓata da NPN ya fita cikin 1982, sai muryar Concord ta sake. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Zaɓen 1983 shi ya nuna haɗarin abin. Gidajen rediyon Tarayya suna faɗin nasu, na jihohi suna faɗin nasu, kowa yana shaida wa magoya bayansa cewa nasara tasu ce. A Jihar Ondo, da aka ce Cif Akin Omoboriowo na NPN ya ka da Gwamna Michael Ajasin, sai gari ya kama da wuta, aka ƙone gidaje, aka yi hasarar rayuka, kafin kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Ran 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka kifar da gwamnati, cikin 1984 kuma suka kafa Doka ta 4, wadda da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. 'Yancin da aka yi wasa da shi, kowa ya rasa shi.

Ya kamata a bambance abu biyu. Jaridar da ta fito a sharhinta ta ce ga wanda take goyon baya ba ta cuci kowa ba, gama ka san inda ta dosa. Cuta ita ce a cusa ra'ayi cikin labari: taron wannan a sa shi a shafin farko da babban hoto, na wancan a jefa shi can ciki da layi uku, ko a yi shiru kamar ba a yi ba. Laifin ya fi muni idan jarida ko rediyon na gwamnati ne, domin da harajin kowa ake tafiyar da su, har da na mai sayar da goro a Shagamu da mai fawa a Agege. Shi ya sa Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana a yi amfani da kafofin gwamnati don fifita wani ɗan takara.

Jama'a, mu da ke zaune a garin wasu, wannan magana ta fi shafarmu, domin in labarin ƙarya ya ta da fitina, rumfar baƙo ce a bakin hanya. Saboda haka in an karanta maka labari, ko ya shigo maka ta waya, tambayi mai jaridar ko wane ne, ka nemi abin da ta ɗaya gefen ta ce, kada kuma ka yaɗa sakamakon da Hukumar Zaɓe ba ta bayyana ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su riƙa jan kunnen matasa tun kafin ranar jefa ƙuri'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.