Idon Kyamara da Mazauninsa: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Tun daga shekarar 1962, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa kai da kamfanonin Granada da EMI na Ingila aka kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wannan gari ya zama matattarar ma'aikatan ɗaukar hoto mai motsi. A nan ne Usman Baba Pategi ya yi suna da wasan Samanja Mazan Fama, a nan kuma Ƙasimu Yero ya shahara. A shekarar 1977, wadda a cikinta aka yi babban Hawan Daba na bikin FESTAC a Kaduna, gidajen talabijin na ƙasa duka suka koma ƙarƙashin hukumar NTA. A wancan zamani kyamara dukiyar gwamnati ce, mai nauyi da tsada, kuma kowace tana da injiniyan da ya san sirrinta.

Yau al'amari ya sake. Kyamarar da hotonta ya isa a nuna a gidan silima ba ta fi tafin hannu biyu ba, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko jami'in watsa labarai na wata ma'aikata yana iya mallakarta. Amma fa injiniyan nan ba ya biyo ta cikin kwali. Saboda haka tambayar da dā shi ke warware ta, yanzu ta faɗo kan mai saye: wane ido ne zai hau wannan kyamara, kuma ta wace hanya?

Ma'anar kalmomi

Ido shi ne tarin gilasan nan da ke gaban kyamara, masu tattara haske su jefa hoto a ciki. Abin da ke karɓar hoton, dā fim ne, yanzu kuwa wani ɗan allo ne da ma'aikata ke kira sensa. Mazauni shi ne bakin ƙarfen da ido ke ɗaurewa a kai. Adafta kuma zobe ne da ake sa wa tsakani idan mazaunin ido da na kyamara ba iri ɗaya ba ne.

Abu mafi muhimmanci game da kowane mazauni shi ne tazarar da ke tsakanin leɓensa da fuskar sensa. Kowane ido an ƙera shi ne don ya zauna a wata tazara ƙayyadaddiya. In ya matsa gaba ko baya da abin da bai kai kaurin takarda ba, hoto ya tashi daga saiti.

Yadda mazaunai suka yawaita

Gidajen talabijin na shekarun 1960 da fim mai faɗin milimita 16 suke ɗaukar labarai, da kyamarori irin su Bolex da Bell & Howell. Waɗannan suna da mazaunin C, wanda ake murɗawa kamar noti, tazararsa milimita 17.5. Masu ɗaukar hoto mara motsi kuwa nasu daban ne: akwai M42 mai milimita 45.5, da Nikon F na 1959 mai 46.5, da Canon FD na 1971 mai 42, sa'an nan Canon EF na 1987 mai 44. Dalilin tsawon tazarar waɗannan shi ne madubin da ke ɗagawa a cikin kyamara, wanda dole a bar masa wuri. Manyan kyamarorin silima suka tsaya a kan mazaunin PL na kamfanin Arri na Jamus, mai milimita 52, wanda ke damƙe ido da zobe mai kullewa. Kyamarorin talabijin na kafaɗa kuma suna da B4.

Da aka cire madubi daga cikin kyamara, sai tazara ta gajarce. Micro Four Thirds na Olympus da Panasonic ya fito a 2008 da kimanin milimita 19, Sony E a 2010 da 18, Canon RF a 2018 da 20, Nikon Z a wannan shekara da 16, mazaunin L na Leica da abokansa Panasonic da Sigma shi ma 20. Ƙananan kyamarorin silima sun rarrabu a kan waɗannan. Blackmagic Pocket 4K ta 2018 tana da Micro Four Thirds, ƙanwarta 6K ta 2019 tana da EF, Cinema Camera 6K ta 2023 kuma L. Canon C70 da RED Komodo, dukansu na 2020, RF ne, Sony FX3 ta 2021 da FX30 ta 2022 kuwa E. Watau ko kamfani ɗaya ma yana iya fitar da kyamarori uku masu baki uku dabam-dabam.

Ƙa'ida ta farko: tazara

Adafta ƙara tazara take yi, ba ta rage ta. Idon da ke bukatar tazara mai tsawo yana hawa kyamara mai gajeriyar tazara, domin zobe zai cike gurbin. Alal misali, idon EF mai bukatar milimita 44 zai hau Sony mai 18 da zobe mai kaurin 26, ya hau Canon RF da zobe mai 24. Idon PL zai hau Sony da zobe mai 34. Amma idon Sony E ko na RF ba zai taɓa hawa kyamarar EF ba, gama sai an tura shi cikin cikinta kafin ya kai tazararsa. Haka nan tsohon idon FD mai 42 ba ya yin saitin nesa a kan EF mai 44, sai da adafta mai gilashi a ciki, wadda galibi takan ɓata hoto.

Abin da wannan lissafi ya nuna shi ne, kyamara mai gajeriyar tazara ta fi karɓar baƙi. Ma'aikatar da ke da tarin idanun EF ko Nikon F tun daga sayayyar shekarun baya, in ta sayi kyamara mai mazaunin E, ko RF, ko L, dukiyarta ba ta salwanta ba. Wanda ya zuba kuɗinsa a idanun E ko RF kuwa, ya sani hanyoyin fitarsa kaɗan ne. Akwai kuma togaciya ɗaya: ko da yake PL ya fi EF da milimita 8, idanun PL da yawa gindinsu yana kutsawa ciki ƙwarai, har ya tokare bakin EF. Ba a sayen wannan adafta sai an gwada ta da ainihin idon da za a yi aiki da shi.

Ƙa'ida ta biyu: girman sensa

Hoton da ido ke jefawa da'ira ne, sensa kuwa mai kusurwa huɗu ce da ke zaune a cikin da'irar. Cikakkiyar sensa faɗinta milimita 36 ne, Super 35 kimanin 25, Micro Four Thirds 17.3, Super 16 kuma 12.5. In da'irar ido ba ta rufe sensa ba, gefunan hoto sai su yi baƙi, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke faruwa ke nan idan aka ɗora tsohon idon mazaunin C a kan babbar sensa, ko da zoben ya ɗauru daidai. Idanun B4 na gidajen talabijin ma da'irarsu milimita 11 ce kawai, sai da adafta mai gilashi da za ta faɗaɗa hoton, ita kuwa haske mai yawa take ci.

In kuma da'ira ta fi sensa girma, to, tsakiyar hoton kaɗai ake ɗauka. A ɗauka ana shirya wasa a ɗakin wani gida a Tudun Wada, kyamara ta jingina da bango, 'yan wasa suna nesa da ita da mita 3. Ido mai milimita 50 a kan cikakkiyar sensa zai kama faɗin da ya ɗan wuce mita 2, mutum uku a zaune kan tabarma. A Super 35 zai kama mita ɗaya da rabi. A Micro Four Thirds kuwa mita ɗaya da 'yan kai, watau mutum ɗaya da kafaɗar na kusa da shi, kuma babu wurin ja da baya. Amma a fili irin Dandalin Murtala, inda ake son jawo fuskar mahayi daga nesa, wannan matsi shi ne riba. Saboda haka ba a cewa wata sensa ta fi wata sai an san aikin da za a yi.

A 2013 kamfanin Metabones ya fito da wata adafta mai suna Speed Booster, wadda gilashinta ke tattara babbar da'ira ya matse ta da ma'aunin 0.71. Da ita idon milimita 50 yakan zama kamar na 35.5, sai faɗin ɗakin nan na Tudun Wada ya tashi daga mita ɗaya zuwa kusan ɗaya da rabi. Daɗin daɗawa, hasken da ke sauka kan sensa yakan ninka biyu, abin da ba ƙaramin taimako ba ne ga mai ɗauka a ɗaki mai ƙarancin wuta. Canon ma ya yi irinta don C70. Sharaɗinta shi ne da'irar idon ta fi sensa girma tun asali.

Ƙa'ida ta uku: lantarki

Tsofaffin idanu da hannu ake juya su, saiti da ƙofar haske duka. Idon EF kuwa galibi ba shi da zoben ƙofar haske, kyamara ce ke aika masa umarni ta 'yan ƙarafan da ke gindinsa. Wanda ya sayi adaftar ƙarfe zalla saboda arha, zai tarar ido ya ɗauru, amma ba shi da ikon rage haske, ga kuma ranar Kaduna ta watan Maris. Araha ba ta ado. Adafta mai lantarki ita ke sadar da umarnin, amma ita ma saitin da kyamara ke yi da kanta yakan yi jinkiri idan ido da kyamara ba 'yan gida ɗaya ba ne. Mai ɗaukar labarai shi kaɗai, wanda ke bin taro a guje, ya fi dacewa ya riƙe idon da aka ƙera don kyamararsa. Masu shirya wasa da ke da mai juya saiti da hannu su ne suka fi cin moriyar adafta.

Gwaji kafin biya

Adaftar da kaurinta ya wuce kima tana hana saitin nesa. Wadda ta gaza kima tana sa alamun mita da ke jikin ido su yi ƙarya, idon zuƙowa kuma ya riƙa sakin saiti duk lokacin da aka zuƙo. Wadda ta karkace tana sa gefe ɗaya ya yi dishi-dishi. Idanu masu faɗin gani su suka fi tona wannan aibi. Gwajin ba shi da wuya. A kafa kyamara a kan ƙafafunta, a manna shafin jarida a bango, a auna mita 2 daga alamar da ke jikin kyamara mai nuna inda sensa take, a buɗe ƙofar haske duka. A duba ko alamar mita 2 ta ido ta yi daidai, kuma ko rubutun kusurwoyi huɗu ya fito ɗaya. Sa'an nan a fita waje a saita wani abu mai nisa, kamar hasumiyar Masallacin Sultan Bello daga can nesa. A ƙarshe a girgiza ido a hankali: in yana motsi a mazauninsa, zoben bai cancanci kuɗinsa ba. Ƙwararrun adaftocin PL suna zuwa da siraran ƙarafa da ake ƙarawa ko a cire don daidaita kauri.

Yanayin Kaduna

Gajeriyar tazara tana da nata haraji. Sensa tana kusa da baki, babu madubin da zai tare mata ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, duk sauyin ido a fili gayyatar ƙura ce, ɗigo ɗaya kuwa zai bayyana a kowane hoto har a gama ɗauka. Hikima ita ce a bar adafta a jikin kyamara dindindin, a riƙa sauya ido cikin mota ko ɗaki, baki yana kallon ƙasa. Da damina kuma laima ke sa gansakuka ta tsiro cikin gilashi, don haka tsohon ido sai an haska shi da tocila kafin a saya. Ido mai nauyi ba a barin sa rataye a wuyan ƙaramar kyamara, sai a tallafe shi da sandunan ƙarfe masu kaurin milimita 15 da aka tanada don haka.

Kammalawa

Jikin kyamara yakan tsufa cikin 'yan shekaru, amma idon da aka ƙera a 1975 yana aiki har yau in an kula da shi. Saboda haka jami'in da zai rubuta takardar sayayya ya fara da ƙidaya idanun da ke sito da irin mazauninsu, ya rubuta sunan mazauni da girman sensa a fili cikin takardar, ya sa kuɗin adafta mai lantarki cikin kasafi ɗaya da kyamara, kada kuma ya sa hannu a takardar karɓa sai an yi gwajin jarida da na nesa a gabansa. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya tambayi abokan aikinsa irin mazaunin da suke riƙe da shi, domin aron ido da hayarsa ba sa yiwuwa sai baki ya zo ɗaya. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida ne.