Gyaran gefen titi a Gombe: Wa ke da kamfanin da ke aikin?

Duk wanda ya taka a ƙasa a Jekadafari, Bolari ko Pantami bayan ruwan sama ya san haɗarin lambatun da murfinsa ya karye. Gombe gari ne mai fama da zaizayar ƙasa, don haka gyaran gefen titi da magudanar ruwa aiki ne da ke dawowa kowace damina, kuma kowane zuwa da kasafinsa.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora gini da kula da titunan cikin gari, fitilun titi da magudanai a wuyan ƙananan hukumomi. Amma a birnin hannu uku ne ke kan hanyoyi: Tarayya na da irin hanyar Bauchi zuwa Biu, jiha na da shirinta na kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 11, sauran kuma na ƙaramar hukuma ne. Inda iyakar aiki ta rikice, abu ne mai sauƙi a biya kuɗin gyara ɗaya sau biyu.

Ƙaramin aiki ya fi babba saurin ɓacewa daga idon masu bincike. Ana iya tsinka shi gida-gida domin kada kuɗinsa ya kai adadin da ke tilasta tallata kwangila a fili. Siminti, rodi da tsakuwa kuwa suna shigewa ƙarƙashin ƙasa, ba mai ƙirga su bayan an rufe. Idan kamfanin na ƙanin kansila ne ko na surukin injiniyan da zai sa hannu cewa aiki ya kammala, an ba kura ajiyar nama.

Doka ba ta yi shiru ba. Jadawali na Biyar ya hana ma'aikacin gwamnati sanya kansa inda muradinsa zai ci karo da aikinsa. Sashe na 12 na dokar ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 7 ga ma'aikacin da ya mallaki rabo a kwangilar ofishinsa.

Batun ya ƙara nauyi tun 11 ga Yulin 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Kuɗi na matsowa kusa da jama'a, haka ma kusa da 'yan uwa da abokan arziki.

Ga masu duba irin waɗannan takardu daga Abuja, tambayoyi uku sun isa: nawa aka biya a kan kowace mita, kamfanoni nawa suka nema, kuma su waye ainihin masu kamfanin a rajistar da hukumar CAC ta buɗe a 2023? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambaya. Abin da ya rage shi ne a liƙa amsar a allon sakatariya, inda mai unguwa zai iya karantawa.