Ƙwayoyin da ke cin fetur a ƙarƙashin ƙasa, inda babu iska

Yau maganar mai za mu yi. Ranar 1 ga Nuwamba 2023 aka ƙaddamar da bututun ɗanyen mai na Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000 har bakin teku a Benin, kuma ya ratsa kudancin jiharmu ta Tawa. Ko babu bututu ma muna da namu: injinan ban ruwa a garaken albasa na Galmi, Madawa da kwarin Majiya, baƙin man da ake zubarwa in an canja wa inji, ga kwalaben ruwa-ruwa a bakin hanya. Rijiyoyin fadama kuwa kun san ba su da zurfi. To, in mai ya zuba ƙasa ta shanye, ina ya nufa?

Wanda ya tsaya a sama da sauƙi. Rana tana busar da wani, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suna cinye wani muddin suna samun iskar oksijin, wato wadda muke shaƙa. Amma can ƙasa inda ruwan rijiya yake kwance, iskar nan da wuri take ƙarewa. Masana sun daɗe suna ganin man da ya kai can ya samu wurin zama ke nan.

Cikin waɗanda suka sauya wannan fahimta akwai wani Ba'amurke, Derek Lovley. Yana aiki a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a 1987 ya ɗebo taɓo daga kogin Potomac, kusa da birnin Washington, ya ware wata ƙwaya daga ciki da aka sa wa suna Geobacter. Abin mamakinta shi ne da tsatsa take numfashi. Mu in mun ci tuwo, iska ce take taimaka wa jiki ya ƙona shi mu samu ƙarfi. Ita kuwa in ta ci, tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa ce take yi mata wannan aiki, irin wadda ta sa marmara da tamar maƙera suka yi ja. A cikin kwalbar gwaji jan garin yakan koma baƙi, har maganaɗisu ya kama shi.

Sai kuma ga wurin gwaji na gaske. A watan Agusta 1979 bututun mai ya fashe kusa da garin Bemidji a jihar Minnesota, kimanin lita miliyan 1.7 suka malala. An kwashe abin da ya kwasu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya nutse har kan ruwan ƙasa. Masana suka haƙa ƙananan rijiyoyi kewaye da wurin suna auna ruwan shekara bayan shekara. A 1989 Lovley da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyi masu numfashi da ƙarfe suna cin gubar man a can. A 1990 suka tabbatar Geobacter ita kaɗai tana cinye toluwin, ɗaya daga cikin sinadaran fetur, ba tare da oksijin ba. A Jamus ma, a 1991, Friedrich Widdel da mutanensa suka samo wasu da ke numfashi da gishirin sulfat, masu fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Lovley ya koma jami'ar Massachusetts a 1995, ya yi shekaru da dama a kan ƙwayar nan guda. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen taɓo, ai sai a jinjina masa.

Sai dai fa kada wani ya ji wannan ya ce to a zuba, ƙasa za ta share. Aikin ƙwayoyin nan tafiyar hawainiya ce. A Bemidji sun hana gubar yin nisa cikin ruwa, wannan gaskiya ne, amma fiye da shekaru 40 bayan fashewar har yanzu akwai mai a ƙasan. Mafi taurin kai shi ne benzen, wanda ke cikin fetur kuma yana jawo kansar jini. A yankin Ogoni na Najeriya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzen a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, kuma mutane suna sha.

Akwai wani abu kuma da aka gano a Bemidji daga baya. In ƙwayoyin suka narkar da tsatsa, gubar arsenik da take manne a jikinta tun asali sai ta saku ta shiga ruwa. Ita ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Saboda haka rijiyar da mai ya taɓa shiga, ko da warin ya gushe, hanci ba ya isa shaida. A sanar da maigari da ma'aikatan ruwa na gunduma, a ɗebi ruwan a kai awo kafin a koma sha ko a shayar da dabbobi.