Ɗakin da ke rage zafi, ya rage cin itace

Iyalai da yawa a wannan sansani sun fara barin tanti da tamfol suna gina ɗakin ƙasa. Kafin a aza bulo na farko, muna so mu yi bayani kan abin da ke sa wani ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu, ba tare da an kashe kuɗi a kan itace ko gawayi ba. Wanda ya gina ɗaki ba tsari zai riƙa biyan kuɗin kuskurensa kowace shekara.

Wannan tunani ba namu kaɗai ba ne. A garin Darmstadt na ƙasar Jamus, a 1991, an gina wani gida mai bango mai riƙe ɗumi da tagogi marasa yoyon iska, wanda abin da yake buƙata don ɗumama shi kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da tsofaffin gidajen can. Su sanyi suke yaƙa, mu kuwa zafi, amma dabarar ɗaya ce: a bar ginin ya yi aikin da wuta ko fanka za su yi. Kakanninmu masu ginin tubali da soro sun san haka tuntuni.

Bango da rufi

Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Bango mai kaurin santimita 40, wato kusan kamu ɗaya, yana riƙe zafin rana na sa'o'i da yawa, ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi. Shi ya sa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, cikin soro ya fi waje daɗin zama da rana. Da hunturu kuma, ɗumin da bangon ya tara shi yake saki da dare.

Kwano ba haka yake ba. Nan da nan yake ɗaukar zafi ya zubo shi a kan mutane. Idan kwano kuka samu, ku shimfiɗa zana ko tabarma a ƙarƙashinsa, ku bar tazara tsakaninsu don iska ta ratsa. Akwai kuma rufin bulon ƙasa mai lanƙwasa wanda ba ya buƙatar azara, da ya samo asali daga Nubiya a bakin kogin Nilu, kuma magina a Nijar suna yinsa tun shekarun 1980. Yana da kyau, amma sai maginin da ya koye shi. Kada a gwada shi da ka.

Fuskar ɗaki da iska

Rana ta fi dukan bangon gabas da safe, na yamma da la'asar. Don haka dogayen bangaye su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma. Ruwan damina mai iska galibi daga gabas yake zuwa, sai a ƙara wa wannan gefen yaɓe, a gyara indararo kafin ruwan fari.

Iska mai zafi sama take tashi. Ƙaramar taga a can sama, da wata a bangon da ke fuskantarta, suna fitar da zafi da dare. Da tsakar rana a rufe su, idan gari ya yi sanyi a buɗe. Farar ƙasa a bayan bango tana mayar da hasken rana. Rumfa ko bishiyar darbejiya a yamma da ɗaki tana tare zafin la'asar. A sansanin Minawao na Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, neman itace ya cinye dajin kewaye, sai da aka koma dashen itatuwa kafin inuwa ta dawo.

Murhu

Yawancin itacen gida a girki yake ƙarewa. A murhun duwatsu uku, mafi yawan zafin yana tserewa ta gefen tukunya. Murhun laka mai kewaye tukunya, mai ƙofa ɗaya ta itace, yana tsare zafin. Ku gina shi a madafa mai katangar tare iska, mai mafitar hayaƙi, ba a ɗakin kwana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa.

Gargaɗi ɗaya: kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci.

Ribar da iyali za su gani

Duk damin itacen da aka rage, tafiya ɗaya ce zuwa daji da aka hutar da mace ko yarinya, da haɗarin hanya, da saɓani da mutanen garin da suka karɓe mu. Kuɗin gawayi ya koma cefane. Jarirai da tsofaffi, waɗanda zafi ya fi galabaitarwa, su sami barci. Kuma wanda ya koyi wannan gini ya sami sana'ar da zai tafi da ita duk ranar da Allah ya nufa aka koma gida.

Kafin ku haƙa tushe, ku sanar da shugaban unguwarku da ma'aikatan kula da matsuguni, don a duba filin kada ya zama hanyar ruwa.