Ɗan Kwangila, Tsohon Bashi da Neman Lamunin Gida a Mafara, Bakura da Maradun

A Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai mutanen da aikinsu shi ne gina wa wasu. Su ne ke karɓar kwangilar azuzuwa biyu da ofis, ko gyaran asibitin ƙauye, ko yashe magudanar ruwa a filayen noman rani na Bakolori. Sun san farashin bulo da rodi da kwano da ka, sun san tirela nawa ta yashi gini zai ci kafin ya kai linta. Amma da yawansu har yau a gidan gado suke zaune tare da ƙanne da matan ƙanne, wasu kuma a haya. Idan irin wannan mutum ya yi tunanin zuwa banki a ba shi kuɗin gida ya riƙa biya a hankali, me zai tarar?

Zai tarar da cewa tsarin ba don shi aka yi ba. Lamunin gida a Najeriya an ɗinka shi ne daidai jikin mai albashi. Asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda dokar soja ta 1992 ta kafa kuma bankin FMBN na gwamnatin tarayya ke riƙe da shi, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na abin da mutum ke samu a wata. Wanda ya yi wata 6 yana zubawa yana da damar neman lamuni da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30, gwargwadon abin da ya rage masa kafin ya cika shekara 60. Malamin da ke koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau ba ya ma sanin lokacin da ake cire nasa. Ɗan kwangila kuwa sai ya kai kansa, ya yi rajista a matsayin mai zaman kansa, ya riƙa turawa duk wata da hannunsa. Dokar ta ba shi wannan dama, sai dai kaɗan ne suka san da ita.

Bambancin kuɗin ruwan ba ƙarami ba ne. Naira miliyan 10 a kan kashi 6 na tsawon shekara 20, biyan wata zai kama kusan naira 72,000. Kuɗin nan dai a bankin kasuwanci a kan kashi 25, abin da ba baƙo ba ne tun da Babban Bankin Najeriya ya kai nasa ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, biyan wata zai doshi naira 210,000, in ma an yarda a ba da shekara 20 ɗin. Don haka ga mai ƙaramar kwangila, ƙofar da ta cancanci a ƙwanƙwasa kusan ɗaya ce. Ita ma ba kai tsaye ake shiga ba: takardun sukan bi ta hannun bankunan lamunin gidaje masu lasisi, waɗanda akasarinsu a Legas da Abuja suke. Ofishin FMBN da ke Gusau shi ne wurin fara tambaya.

Abu na farko da za a nema shi ne shaidar abin da kake samu, kuma ƙa'idar ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka. A nan ɗan kwangila ke fara tuntuɓe. Kuɗinsa ba sa zuwa wata-wata. A biya shi miliyan 8 a watan Maris, sannan shiru har damina ta wuce. Ranar da kuɗin suka shigo kuma, kafin la'asar sun fita: ya je wurin mai POS ya ciro, ya sallami mai siminti, ya biya birkila da kafinta da leburori a hannu, ya mayar wa surukinsa abin da ya ranta masa. Jami'in banki da zai duba shige da ficen asusunsa na shekara guda ba zai ga mutum mai riba ba, zai ga asusun da kuɗi ke ratsawa su wuce. Duk garin ya san Alhaji mai rufin asiri ne, amma sanin gari ba ya shiga fayil.

Gyaran wannan yana cin lokaci, ba ya cin kuɗi da yawa. A yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, a buɗe mata asusu dabam da na cefane, kowace kwangila a biya ta can. Daga can mutum ya yanka wa kansa albashi, adadi ɗaya, rana ɗaya a kowane wata, ko an samu aiki ko ba a samu ba. A adana takardun ba da kwangila da na kammala aiki. Akwai kuma takardar da 'yan kwangila ke wulaƙantawa: shaidar harajin da ake cirewa daga kuɗin kwangila tun kafin a biya su. Ita ce ke nuna cewa aikin ya faru da gaske, ita ce kuma ke sauƙaƙa samun shaidar biyan haraji ta shekara 3 da ake tambaya.

Sai maganar tsohon bashi, wadda ita ce ta fi hana mutane barci. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a wannan yanki yawancin tabon da ke jikin sunayen mutane asalinsa sananne ne. Shirin ba manoma rance na Babban Banki da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya shigo yankunan shinkafa da ƙarfi, kuma ɗan kwangila a Bakura ko Mafara da wuya a ce ba ya taɓa noman rani. Sai rancen korona na 2020 ta bankin NIRSAL, wanda mutane da yawa suka karɓa da zaton kyauta ce, rabonsu ne na arzikin ƙasa. Wasu ko kuɗin ba su gani cikakku ba, dillalai sun yanke nasu. Wasu kuma sun yi niyyar biya, rashin tsaro ya raba su da gona. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an dakatar da kasuwannin mako, mai ciniki ya zauna da kaya da bashi a kansa. Ƙara da kwangilar da aka gama amma kuɗinta suka maƙale a ofis shekara da shekaru, alhali rancen da aka ci don yin ta yana ta haihuwa.

Na'ura ba ta san waɗannan dalilai ba. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, duk asusun mutum a ɗaure suke da igiya ɗaya. Kamfanoni 3 masu lasisi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, suna tattara labarin wanda ya ci bashi da yadda ya biya, Babban Banki ma yana da nasa kundin. Daga watan Agusta na 2020 kuma aka fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar kwasar abin da yake bin mutum daga asusunsa na wani bankin. Rufe wannan asusu a buɗe wancan, dabarar da ta yi aiki a da, yanzu ɓata lokaci ce.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne dokar 2017 ta ba kowa damar ganin rahoton kansa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Ya kamata mutum ya gani da idonsa kafin jami'in banki ya gani. Akan tarar da bashin da aka biya tuntuni amma ba a goge ba, ko ɗan rancen manhajar waya na naira dubu kaɗan da aka manta, ko wanda aka tsaya wa wani abokin da ya gudu. In bashin na gaskiya ne, a je a zauna da masu shi. Bankuna sukan yarda a sake tsara biya, wani lokaci su yafe wani ɓangare na ruwan da ya taru. In an gama, kada a fito sai da takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, sannan a bi sawu har a ga an gyara rahoton. Tarihin ba ya ɓacewa nan take, amma akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya makara ya biya da wanda har yanzu ake nema. Shekara guda ko biyu ta tsabtataccen asusu bayan haka tana magana da kanta. Masu cewa a ba su wani abu su goge suna daga kwamfuta kuwa, neman na cefane suke.

A ganina, duk da haka, ba tsohon bashi ne babban shinge ba a garuruwan nan uku. Fili ne. Banki ba ya ba da kuɗin gida sai ya riƙe takardar da zai iya sayar da gidan da ita in an kasa biya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma jinginar da fili mai shaidar mallaka ta gwamnati ba ta inganta sai da amincewarsa. Yawancin filaye a Maradun ko Bakura kuwa da me aka riƙe su? Takardar ciniki da aka rubuta da biro, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, wani lokaci da hatimin hakimi. Ko kuma gado ne da ba a raba ba, mutum goma sha suna da haƙƙi a ciki. A gari wannan takarda ta isa, ba mai taɓa maka fili. A banki ba ta wuce teburin farko. Sai an bi ta hukumar kula da filaye ta ZAGIS a Gusau, an auna, an biya kuɗaɗe, an jira. Ko an samu takardar, mai kimanta gida zai tambayi kansa: in aka sa gidan nan a kasuwa, wa zai saya, da nawa? Gida a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato cikin Mafara yana da amsa. Gida a ƙauyen da mutane ke ƙaura saboda 'yan bindiga ba shi da ita. Mutanen yankin nan kuma suna da dalilin yin kaffa-kaffa da duk takardar da ta shafi ƙasa; rikicin diyyar gonaki na Bakolori a 1980, wanda aka rasa rayuka a cikinsa, bai fita daga bakin dattawa ba.

Akwai kuma tambayar da takan zo kafin duk waɗannan a jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura: kuɗin ruwa, ko kashi 6 ne, ya halatta? Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da wasu hanyoyi: banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ko ku mallake shi tare kana biyan haya kana sayen kasonsa har ya zama naka. Sai dai kada a ɗauka sauƙi ne. Su ma suna duba BVN, suna neman takardar fili, suna son kafin alƙalami mai kauri, kuma wa'adinsu bai kai na asusun NHF tsawo ba.

Shi ya sa mafi yawan 'yan kwangila ke bin hanyar da suka gada: a sayi fili bana, a zuba harsashi baɗi, kowace kwangila ta bar bulo ɗari biyar, adashi ya kawo kwano. Ga mai sana'ar gini wannan ba gazawa ba ce, don yana samun kaya da ma'aikata a farashin da mai albashi ba zai samu ba. Illarta ita ce tashin farashi, musamman tun faɗuwar naira a 2023, yana cinye abin da aka tara kafin a kai ga rufi. Wanda gininsa ya tsaya a linta, yana da takardar fili a hannu, sunansa kuma ya fita daga kundin masu taurin bashi, ƙaramin lamuni na kammalawa ya fi masa amfani fiye da na sayen gida sukutum, kuma shi ne bankin zai fi saurin saurara.