Emanuwel Rego: gwanin da ya bar fage, bai tafi da sana'arsa ba

A cikin watan Maris na shekara ta 2016, a bakin tekun Kopakabana da ke birnin Riyo na ƙasar Barazil, wani ɗan wasa mai suna Emanuwel Rego ya yi wasansa na ƙarshe, ya yi ban kwana da ƴan kallo. A lokacin yana da shekara 42 da haihuwa, ya kuma shafe shekara 25 yana buga ƙwallon raga bisa rairayi. Masana wannan wasa suna sa shi cikin manyan gwanayen da aka taɓa yi. Ya kamata labarinsa ya kai ga ma'aikatan da ke kula da matasa da wasanni, da kuma mutanen karkara, domin a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ta shafi kowane gari mai gwani: in ƙarfi ya ƙare, mene ne gwani ke bar wa na baya?

Yadda ake wasan

Ƙwallon raga na rairayi ƙane ne ga ƙwallon ragar da aka saba gani a filayen makarantu, wanda mutum shida ke karawa da mutum shida. A nan kuwa mutum biyu ne kawai a kowane gefe, kuma babu canjin ɗan wasa tun daga farko har ƙarshe. Tsawon filin mita 16 ne, faɗinsa mita 8. A manyan gasa ana zuba rairayi mai zurfin santimita 40 ko fiye. Ragar da ke tsakiya tana da tsayin mita 2 da santimita 43 ga maza, mita 2 da santimita 24 ga mata. Ƙafa babu takalmi ake yin sa. Kowane gefe yana da damar taɓa ƙwallo sau uku kafin ya tsallakar da ita. Wanda ya fara kai maki 21 da ratar maki biyu ya ci turmi, wanda ya ci turmi biyu ya ci wasa. In aka yi kunnen doki, sai a yi turmi na uku zuwa maki 15. Saboda rana da iska kada su zalunci gefe guda, ana musayar wuri duk bayan maki bakwai.

Aiki ya kasu biyu tsakanin abokan wasan. Ɗaya, wanda galibi shi ne dogo, yana tsayawa a gindin raga ya tare ƙwallo da hannuwa kamar bango. Ɗayan yana baya, yana karanta motsin abokin hamayya, ya faɗi bisa rairayi ya tsamo ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa. Wannan aiki na biyu shi ne Emanuwel ya shahara a kansa. Tsayinsa mita 1 da santimita 90, wanda ba wani abin mamaki ba ne a cikin ƴan wannan wasa; abin da ya fifita shi shi ne saurin gane inda ƙwallo za ta faɗa. Amma duk gwanintar mutum, a nan ba ta da amfani sai da ta abokinsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga Kuritiba zuwa Atina

An haifi Emanuwel ranar 15 ga watan Afrilu na 1973 a Kuritiba, wani birni da ke bisa tudu a kudancin Barazil, wanda ba ya bakin teku. Ya fara da ƙwallon raga na mutum shida, sa'an nan ya koma na rairayi a 1991. Da aka shigar da wasan cikin Wasannin Olimpik karo na farko, a birnin Atlanta na Amurka a 1996, yana cikin waɗanda suka wakilci ƙasarsa, amma ya dawo hannu banza. A 1999 shi da abokinsa Loyola suka ci gasar duniya a Marsai ta ƙasar Faransa, saboda haka da suka isa Olimpik na Sidni a 2000 kowa ya ɗauka zinariya tasu ce. Nan ma aka fitar da su tun kafin a kai kusa da ƙarshe.

Sau biyu ke nan yana zuwa yana komowa babu ko lambar tagulla. Bayan haka, a 2001, hukumar wasan ta duniya ta rage girman fili, ta kuma sake yadda ake ƙidayar maki, abin da ya ƙara wa dogaye masu tare raga daraja. Emanuwel ya sake salon wasansa, ya haɗu da wani dogo mai suna Rikardo Santos. Su biyun suka ci gasar duniya a Riyo a 2003, kuma a 2004 suka ka da ƴan Ispaniya a wasan ƙarshe na Olimpik a Atina, babban birnin Girka, suka ɗauki lambar zinariya. Daga 2003 zuwa 2007, shekara biyar a jere, su ne na ɗaya a jerin gasannin da ake zagayawa da su ƙasashen duniya. A Olimpik na Pekin a 2008 suka samu tagulla.

Tsoho da yaro

Bayan rabuwarsa da Rikardo, Emanuwel ya kusa shekara 37, shekarun da ƴan wasa da yawa ke ajiye sana'a. Shi kuwa sai ya haɗu da wani saurayi mai suna Alison Seruti, wanda ya girme wa da shekara 12. Alison ƙato ne mai tsayin mita 2 da santimita 3, har mutanen ƙasarsu suka yi masa laƙabi da sunan wata irin giwa ta zamanin da. Ba baƙo ba ne a fage, tun da ya zo na biyu a gasar duniya ta 2009, sai dai bai taɓa cin babbar gasa ba, bai kuma taɓa zuwa Olimpik ba.

Shekara huɗu suka yi tare, daga 2010 zuwa 2013. A 2011 suka ci gasar duniya a birnin Rum, wadda ita ce ta uku ga Emanuwel, ta farko ga Alison. Abin lura shi ne, kowace daga cikin ukun nan Emanuwel ya ci ta ne da aboki daban. A 2012 suka kai wasan ƙarshe na Olimpik a Landan, inda ƴan Jamus suka ka da su a turmi na uku da maki 16 da 14. Ta haka Emanuwel ya haɗa zinariya da azurfa da tagulla a cikin zuwa biyar da ya yi Olimpik. Ya kuma zama na ɗaya a gasannin zagayen duniya har sau goma.

Burinsa na ƙarshe shi ne ya yi Olimpik na shida a gida, domin an ba Riyo baƙuncin wasannin 2016. Ya koma wa tsohon abokinsa Rikardo saboda haka. Amma ƙa'ida ba ta yarda ƙasa guda ta kawo fiye da ƙungiya biyu ta maza ba, kuma matasa suka riga su samun wuraren. Emanuwel bai tsaya jan rai ba. Ya sanar da ajiye wasa, ya yi na ƙarshe a Kopakabana, saura wata biyar a buɗe Olimpik.

A watan Agusta na wannan shekara, bisa wannan rairayi na Kopakabana, cikin dare ana ruwan sama, Alison da sabon abokinsa Buruno Shimit suka ka da ƴan Italiya da maki 21 da 19, da 21 da 17, suka ɗauki zinariya. Babu shakka guminsu ne ya ba su. Amma Alison ya shiga wannan fili ne ya riga ya san nauyin wasan ƙarshe na Olimpik, kuma a gefen Emanuwel ya san shi, shekara huɗu kafin nan. Da tsohuwar zuma ake magani. A cikin 2016 ɗin aka shigar da sunan Emanuwel a gidan tunawa da gwanayen ƙwallon raga da ke Holiyok a Amurka, garin da aka ƙirƙiro wasan a 1895. Daga 2019 zuwa 2020 kuma ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Barazil mai kula da manyan ƴan wasa.

Abin da ya shafi ƙasar Nijar

Mai karatu zai iya cewa wannan zance ne na masu teku. To, amma wasan ba ruwa yake bukata ba, rairayi yake bukata. A ranar da Emanuwel ya karɓi zinariya a Atina, waɗanda suka karɓi tagulla ƴan Suwis ne, ƙasar da ba ta da teku. A Afirka ma, Ruwanda da ba ta da teku ta karɓi baƙuncin ɗaya daga cikin gasannin zagayen duniya a garin Rubabu, bakin tafkin Kibu, a 2019. An kuma sa wasan cikin Olimpik na matasa na 2026 da aka ba ƙasar Senegal, karo na farko da aka ba Afirka irin wannan taro.

Rairayi kuwa ba abin nema ba ne a jahar Maraɗi. A Hawandawaki da sauran garuruwan ƙasar Tasawa da Mayahi, bisa jigawa ake noman gero, kuma bisa rairayi samari ke kokowa in kaka ta yi. Ƙafar da ta saba da tafiya cikin yashi tun ƙuruciya ta riga ta samu abin da ƴan wasan wasu ƙasashe ke shan wahala kafin su samu. Kayan wasan ba su wuce raga da ƙwallo da sanduna biyu da igiyar shata fili ba, mutum huɗu kuma sun isa a fara. Makarantar da ba ta da halin daɓe fili da siminti tana da halin share rairayi daga ƙaya da tsakuwa.

Darasin da ya fi wannan girma ya shafi gwanayen da ƙasar ta riga ta mallaka. Tun daga 1975, da aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, Nijar ba ta rasa zakaru ba. An kuma girmama su: filin kokowa na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa. Wannan abin yabo ne. Sai dai suna a ƙofar fili ba ya koya wa yaro yadda ake kama ƙafa, ko yadda ake kuɓuta in an shiga hannu. Irin wannan sani yana cikin jikin gwani, kuma in ba a karɓe shi tun yana da rai da lafiya ba, tare da shi ake rufe shi.

Kowace jaha tana tura ƴan kokowa goma zuwa gasar takobi, kuma kowace shekara akwai waɗanda ke komawa gida ba za su sake ɗaura walki ba. A ƙauyuka ma akwai tsofaffin zakarun da ba su taɓa zuwa gasar ƙasa ba, amma sun ka da maza a kasuwanni da bukukuwan kaka. Magadan gari da sarakuna da malaman makaranta suna da ikon haɗa irin waɗannan mutane da yara masu tasowa, ko da sau ɗaya ne a mako bayan an tashi daga karatu, a kuma ba su ɗan abin da zai riƙe su. Emanuwel ya ba saurayi guda shekara huɗu na ƙarshen ƙarfinsa, Barazil ta samu zinariya bayan tafiyarsa. Tsohon ɗan kokowar da ke zaune a gindin itace a Hawandawaki ba zai ƙi yin haka ba, in an je an gaishe shi, an kawo masa yaran.